Takarkarin Inna Kulu da Ɓaunar Dutse

Direban da ya ɗauko ni daga Madawa ya ce mini mun iso Tawa. Ya sauke akwatina a gindin wata aduwa, ya nuna mini wasu rumbuna can nesa ya ce bakin gari ke nan, sannan ya karya kan motarsa ya bi wata hanyar. Sai da ƙarar motar ta ɓace na tambayi wata mai tallar nono. Ta dube ni da tausayi, ta ce Tawa tana gaba, tafiyar yini ga mai ƙafa.

Ni 'yar Damagaram ce, sunana Furera. Na yi lakwal, wato makarantar boko, na ƙara karatu har aka ba ni takardar koyarwa, aka turo ni Tawa in buɗe ajin 'yan mata. A shekarun ƙarshe na mulkin Faransa ne. Ban san kowa a Adar, ƙasar Tawa, ba. Na zauna a kan akwatin ina kallon tuddan jan dutse masu shimfiɗaɗɗen kai, kamar an yanke su da wuƙa. Na so in yi kuka, amma sai hankalina ya tafi ga inuwar wani gajimare da ke rarrafe a jikin tudun. Haka nake tun ina ƙarama. Innata takan ce ko gida na cin wuta zan tsaya kallon hayaƙin.

Ina cikin haka na ji murya a bayana.

"Ke, ɗiyar wa ta nan zaune bisa akwati kamar amaryar da anka manta?"

Wata tsohuwa ce gajera, baƙa, riƙe da igiyar hancin wani takarkari ja. Ban taɓa ganin sa mai girmansa ba. Tozonsa ya wuce kaina, idanunsa kuwa masu sanyi, kamar na dattijon da ya gama jin duk ƙarairayin duniya ya yafe. Na faɗa mata abin da ya same ni.

"Ba ki san direbobin hanyar ga ba," in ji ta. "Tashi. Jatau, mun samu baƙuwa."

Ta ɗora akwatina a tsakanin taikunan albasa, ta sa ni na hau. Haka na shiga Tawa, a kan bayan sa, ina warin albasa.

Sunanta Inna Kulu. Mijinta ya rasu, ɗanta ɗaya ya tafi Gwalkwas shekara da shekaru ba labari. Mijin ne ya raini Jatau tun yana maraƙi, kuma da shi take cin abinci: albasa daga fadama, kanwa da gishiri zuwa Kalfu, hatsi zuwa kasuwar gari. Da safe shi take fara gaisarwa kafin ni. In ta yi fushi da maƙwabta, shi take kai wa ƙara.

Ajin da aka turo ni dominsa bai buɗu ba. Iyaye sun ɓoye 'ya'yansu mata, wasu a ƙauye, wasu a cikin rumbu in an ga gardi, dogarin Nasara, ya nufo unguwa. Shugaban makarantar ya ce in yi haƙuri sai bayan rani. Ba aji, ba albashi, ba ni kuma da fuskar komawa gida bayan an yi mini rakiya har tasha da guɗa. Inna Kulu ta shimfiɗa mini tabarma a ɗakinta, ba ta tambaye ni ranar tashi ba.

Kewa ta kama ni sosai a watannin nan. Nakan tuna manyan duwatsun unguwar Birni ta Damagaram da muke hawa muna yara, da ƙamshin turaren innata. In na yi magana a bakin rijiya, mata su yi ta dariya, su ce in sake faɗa. Su ma tasu Hausar takan tsaya mini a kunne. Da la'asar nakan zauna kusa da turken Jatau in rera masa waƙoƙin garinmu a hankali. Shi kaɗai ne bai taɓa gyara mini magana ba.

Ana nan shugaban makarantar ya aiko a kira ni. Wata Bafaranshiya ta sauka a bayan ofishin likitan dabbobi, tana neman mace mai jin Faransanci wadda ta iya zane. Mutanen gari sun riga sun raɗa mata suna, Madam Ƙashi, domin ba abin da take tambaya sai ƙasusuwa. Doguwa ce siririya, rana ta ƙona mata hanci, takan manta da cin abinci. Ta nuna mini wani haƙori a tafin hannunta, mai nauyi kamar tsakuwa. Ta ce na wata dabba ce mai kofato da ta ƙare a duniya tuntuni, wani Buzu ne ya tsinto shi a arewa, kuma sauran jikin yana can. Tana so mu je.

Da na gaya wa Inna, ta ajiye muciya.

"Budurwa ba ta bin Nasara daji ita kaɗai, ko mace ta. Kaya wa za shi ɗauka masu?"

"Akwai mota, Inna."

"Mota. Kin ga abin da mota ta yi maki."

Ta yi gaskiya. Motar ba ta wuce Tebaram ba, yashi ya riƙe ta. Inna, wadda ta riga mu yin gaba da Jatau, tana zaune a inuwa tana jiranmu kamar ba ta san komai ba. Daga nan muka yi arewa da ƙafa: Madam, ni, Inna, da Agali, Buzun da ya tsinci haƙorin, yana jan raƙuminsa.

Gonaki suka ƙare, sai ƙaya da sarari. Karangiya ta cika mini zane, tafin ƙafata ya tsage. Ruwan rijiyoyin can ɗaci gare shi, in na sha cikina ya yi ta murɗa. Akwai ranar da na zauna a ƙasa na ce ba zan ƙara taku ɗaya ba. A wani zango wata Buzuwa ta fito daga tantinta, ba ta jin Hausa, ni ba na jin Tamashek. Ta kama ƙafafuna ta ɗora a cinyarta, ta shafe su da man shanu, ta tura mini cuku a baki kamar 'yar goye. Ban san sunanta ba har yau.

Wurin da Agali ya kai mu wani kwari ne fari fat, shimfiɗe, cike da ɓawon katantanwa. Madam ta ce a da can tafki ne babba, da dorina a ciki da ciyawa a gefe. Na rufe ido na yi ƙoƙarin jin ƙarar ruwa, ban ji komai ba sai iska. Muka yi ta tono da 'yan ƙananan wuƙaƙe da tsintsiya, har kan dabbar ya fito. Ɓauna ce, amma irin da babu ita yanzu. Agali ya kwantar da mashinsa tsakanin ƙahonin biyu, bai kai ko kusa ba. Muka samu ƙashin cinya ɗaya da na ƙafar gaba ɗaya, lafiyayyu, sun zama dutse.

Jatau ya matso ya sunsuna ƙashin cinyar, ya yi huci.

"Gaida manya," in ji Inna. "Ka ga inda ake girma."

Dawowa ta fi tafiya wuya. Ruwa ya yi mana ƙaranci. Raƙumi ya ɗauki kan ɓaunar, Jatau ya ɗauki ƙasusuwan ƙafa. Sannan rana ta bugi Madam, ta faɗi, tana sambatu da harshensu, tana kiran wani suna da ban sani ba. Inna ta gyara kayan, muka ɗora ta a kan Jatau, ta kifa fuskarta a tozonsa. Haka ya kawo ta Tebaram, da ita da duwatsunta, bai yi tuntuɓe ba.

Da ta warke a Tawa, ainihin aikin ya fara. Abin da take so ta sani shi ne nauyin ɓaunar lokacin da take raye. Na tambaye ta yadda za a auna abin da ba nama gare shi ba, ba fata. Ta nuna mini ginshiƙin da ke riƙe da rufin ɗakin. Ta ce magini ba ya sa siririn ginshiƙi a ƙarƙashin rufi mai nauyi. Ƙafar dabba ma haka take: gwargwadon abin da take ɗauke da shi, gwargwadon kaurin ƙashinta. In mun auna nauyin dabbobi masu kofato da ransu, muka kuma auna kaurin ƙashin ƙafarsu bayan an yanka, za mu ga yadda biyun suke tafiya tare. Sai mu tambayi ƙashin dutsen, ya faɗa mana nauyin mai shi.

Na daɗe ina juya maganar. Ya yi mini daɗi a rai, a ce ƙashi yana riƙe da labarin nauyin da ya ɗauka ko bayan mai shi ya tafi.

Kowace safiya muna mayanka. A bayan ofishin likitan dabbobi akwai babban sikeli mai dandamalin katako. A nan ake hawar da akuya ko tunkiya ko saniya, a karanta nauyinta, sannan mu bi ta. Matsalar ita ce a Tawa ba mahaucin da ke barin ƙashi lafiya. Kafin Madam ta warware zarenta, gatari ya sauka. Na je na roƙi Sarkin Fawa, wani dattijo mai ƙiba da son raha.

"Ƙashi ba a fasa ba?" ya ce. "To ɓargon fa, Malama? Aljanu za mu bar wa?"

Na ce aro kawai muke so. Madam za ta naɗa wa ƙashin zare a inda ya fi siranta, ta auna, ni in zana, mu mayar masa ya fasa abinsa. Ya yi dariya har ya riƙe ciki, ya ce shi dai bai taɓa jin an zo aron ƙashi ba, amma ya yarda.

A kan wata babbar takarda na riƙa ɗiga wa kowace dabba ɗigo: nauyinta ta wannan gefe, kaurin ƙashinta ta wancan. Awaki a ƙasa, tumaki sama kaɗan, jakin da ya mutu a kasuwa, sannan shanu. Ɗigogin suka jeru suna hawa kamar ayari a jikin tudu. Amma ayarin ya tsaya a tsakiyar takarda, domin a rani mahauta ba sa yanka sai tsofaffin shanu ramammu. Ƙashin ɓaunar kuwa yana can ƙurya, shi kaɗai, da fili mai faɗi tsakaninsu. Madam takan ɗora doguwar sandar awo ta ja layi zuwa can. In ta ɗan karkata ta sama, ɓaunar ta zama ƙatuwa. In ta karkata ta ƙasa, ta rage kusan rabi.

"Ɗigo ɗaya nake bukata a wannan filin," ta ce. "Babban sa guda ɗaya."

Ta nema a kasuwar dabbobi, ba ta samu ba. Manyan bijimai sun bi makiyaya kudu neman ciyawa, ba za su dawo ba sai damina, ita kuwa kafin damina za ta koma ƙasarsu. Wata safiya muna tsaye a bakin ofis, Inna ta wuce da Jatau ɗauke da kanwa. Na ga Madam ta bi ƙafafunsa da kallo.

Da rana ta yi tsaka Madam ta kira ni. Ta ce in gaya wa tsohuwar in ta bari aka yanka Jatau, za a ba ta 'yan bijimai biyu a madadinsa, masu ƙarfi, waɗanda za su fi shi daɗewa. Ta ce shi ma ya fara tsufa. Ba ta dube ni ba da take faɗa. Ta ƙara da cewa in ana bukatar takarda daga kumandan, Baturen da ke mulkin garin, ba za ta yi wuya ba.

A lokacin, in takarda ta fito daga wurin kumandan, tsohuwa mai sayar da kanwa ba ta da ta cewa. Na san haka, Madam ma ta sani. Kuma bakina ne zai kai saƙon, ni da na shigo garin a bayan Jatau.

Na kasa faɗa. Na koma gida na ɗebo masa ruwa, na cire masa kaska a kunne, na ci tuwo ban ji ɗanɗanonsa ba. Ashe labari ya riga ni, Sarkin Fawa, wanda Madam ta yi wa maganar yankan, ya aiko wa Inna. Da gari ya waye na ga Inna ta wanke Jatau, ta shafa masa mai a ƙaho, ta ɗaura zanenta na zuwa suna.

"Taho mu tahi wurin uwar ɗakinki," ta ce. "Abin da na hwaɗa shi za ki hwaɗa. Kada ki sa mashi zuma, na san halinki."

Muka tarar da Madam a gefen sikeli. Inna ta gaishe ta, ta tambayi jikinta, ta tambayi mutanen gidansu ɗaya bayan ɗaya, duk na fassara. Sannan ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafa.

"Ɗiyata ta ce mani ƙahwa tana hwaɗa maki abin da ta ɗauka. Haka na?"

Madam ta ce haka ne.

"To akuyoyin da kinka auna, mi sunka taɓa ɗauka ban da kansu? Ita ɓaunar taki, wa ya taɓa ɗora mata taiki? Wanga tun yana ɗan shekara uku bai yi tahiya shi kaɗai ba. Gishiri, kanwa, albasa, hatsi. Gawar mai gidana shi ya ɗauko ta daga gona. Wagga yarinya da akwatinta. Duwatsunki. Ke kanki." Ta shafa gwiwarsa. "In kin tambayi ƙahwar ga, duka za ta lissafa maki. Ni dai ban san yadda za ki raba nashi da namu ba."

Na fassara kalma bayan kalma. Ban sa zuma ba.

Madam ta matso. Ta durƙusa ta zagaye ƙafar Jatau da hannayenta biyu, shi kuwa ya sunkuyo yana shinshinar gashinta. Ta ce mini da Faransanci, a hankali, cewa ta san da wannan. Ɗaukar kaya yana ƙara wa ƙashi kauri, amma kaɗan ne, bai kai ya ɓata lissafi ba. Wannan ban fassara ba, Inna kuma ba ta tambaya ba.

Can Madam ta miƙe ta kakkaɓe gwiwarta.

"Amma ban san iyakar kaɗan ɗin ba," ta ce. "Ɗigon da ban amince da shi ba, ba zan sa shi a takardata ba. Ki gaya mata takarkarinta bai dace da aikina ba."

Na dube ta, ta kau da kai tana neman wani abu a aljihunta da babu shi. Na san abin da ta bari. Za ta koma ƙasarsu, ta tsaya gaban manyan malamai maza da amsa mai faɗi kamar kwarin da muka tono, bayan duk wahalar da ta sha.

Da na faɗa wa Inna, ba ta yi godiya ba. Ta ɗaure fuska.

"Bai dace ba? Mi ya rasa?"

"Inna, an bar maki shi."

"Na ji. Amma tunda mun taho, a auna shi. Kada a ce an kawo shi an raina shi."

Jatau ya ƙi hawa dandamalin. Aka ja, aka tura, ma'aikatan ofis suka taru, ya kafe. Sai da Inna ta hau ta tsaya a kai ta kira shi, sannan ya bi ta. Aka karanta nauyinsu tare. Madam ta ce yanzu a auna Inna ita kaɗai a cire. Inna ta ce ita ba buhun gero ba ce, ba mai auna ta a gaban maza. Aka yi ta roƙo, ta ƙi. Daga ƙarshe Madam ta dube ta sama da ƙasa, ta ƙiyasta da ido, tana dariya har da hawaye. Ran nan na fara jin dariyarta.

Ana gab da damina Madam ta gama haɗa akwatunanta. A makon ne kuma wasu iyaye suka gaji da ɓoyo, aka kawo mini 'yan mata na farko, uku daga ciki jikokin Sarkin Fawa. Ranar da Madam za ta tashi ta zo gidan Inna da kanta yin sallama, ta zauna a tabarma, ta sha fura. Inna ta tambaye ta ko ta samu nauyin ɓaunar. Madam ta faɗi lissafin da kilo, Inna ta ce ita ba ta san kilo ba. Madam ta dubi turke, ta yi tunani.

"Ba ta kasa Jatau biyu ba," ta ce, "ba ta kuma wuce Jatau huɗu ba. Iyakar abin da na sani ke nan."

Na fassara. Inna ta juya ta daɗe tana kallon sa nata, yana tuƙa a inuwar darni, ƙudaje na yawo a bayansa. Sannan ta matso kusa da ni ta rage murya, kamar tana tsoron kada ya ji.

"Ce mata ta rubuta biyu. In ta rubuta huɗu, mutanen garinsu sai su ɗauka ƙaramin sa na gare ni."